Fitilar Baya ta Baba Nomau

Cikin duk ranakun da na yi a garajinmu na Mayahi, ban taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar bazara ba, ranar da Baba Nomau ya zo ya tsaya a kaina ina kwance ƙarƙashin mota, ya ce mini fitilar baya ta motarsa ta daina haske. Na daɗe ban ba kowa labarin nan ba, domin akwai abin kunyata a ciki. Amma tun da yanzu ku ne ke riƙe da wayoyin motocin nan, gara ku ji shi daga bakina yadda ya faru.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ma'aikatarmu gyaran famfunan ruwa da rijiyoyin siminti take yi a ƙauyukan Mayahi da Tasawa. A lokacin motoci uku gare mu, duka kat-kat, wato masu ja da ƙafa huɗu, don ƙaramar mota ba ta iya rairayin ƙasarmu. Kowace mota tana fita da mutum biyu, direba da mai gyaran famfo. In sun isa ƙauye, direba yakan juya motar ya ja da baya har bakin rijiya, saboda bututu da igiya da injin jawo su duk a bayan motar suke. Wannan ja da bayan shi ne wuri mafi haɗari a aikin gaba ɗaya. Da bazara rijiya ba ta rabuwa da jama'a: mata kowace da bidonta, wato jarkar ruwa, 'yan mata, amalanken shanu, jakuna, ga awaki suna kutsawa tsakanin ƙafafun mutane. Sau da yawa kuma aiki kan kai su har bayan magariba, don ba a barin gari ya kwana ba ruwa in da hali.

Ni ne mai wutar mota na garajin, shekarata tara ke nan a wurin. Shugabanmu Shef Lawali ne, mutum mai son takarda fiye da kima. A ƙa'idarsa ba a taɓa mota sai da takardar aiki, wadda muke ce wa bon. Gida uku gare ta. A na farko ana rubuta ƙorafin direba, a na biyu ma'aikaci ya rubuta abin da ya tarar, a na uku ya rubuta abin da ya yi. Ma'aikaci ya sa hannu, direba ya sa, shef ya sa. In hannu ɗaya ya yi saura, motar ba ta fita ƙofar garaji.

Shi kuwa Baba Nomau shi ne tsohon direbanmu, ya fi shekara talatin a kan sitiyari, kuma ko kaza ba a taɓa cewa ya taka ba. Duk wata hanyar amalanke daga Mayahi zuwa Attantane har can arewa ya san ta kamar tsakar gidansa. Saura masa wata goma sha ɗaya ya yi ritaya. Tsakanina da shi kuma ya wuce aiki. Da na zo daga Maraɗi ban san kowa ba, a zaurensa na kwana wata biyu, tuwon gidansa na ci. Baba nake ce masa, shi kuma in yana son tsokanata ya ce da ni likitan waya.

Fitilar da yake magana ita ce farar nan da ke kamawa da kanta in an sa giyar baya. Na bi shi na duba. Ƙwai biyu ne na asali, duka suna ci. Na cire gilasan na wanke ƙura, na kankare tsatsa a wurin da wayar mas, wadda ke mayar da wuta, take kama ƙarfen mota, na ɗora mitar gwaji, wuta tana isowa cif. Na ce masa lafiyarsu lau. Ya girgiza kai.

"A cikin gari ne suke lahiya lau, Hamisu. Ka tahi bakin rijiya bayan magariba ka gani. Hitila nika so mai haske sosai, irin wadda in na sa marshariyar zan ja da baya, in ga ko allura."

Ban ga laifin maganarsa ba. Fitilun baya na asali an yi su ne don su gaya wa na baya cewa mota na tahowa, ba don haska daji ba. Na je na gaya wa Shef Lawali, ya ce dama ya daɗe yana tunanin haka, ya rubuta bon, aka fito mini da fitilu biyu na zamani daga ɗakin ajiya, masu farin haske kuma ba su cin batir.

Bari in tsaya in faɗi yadda na yi aikin, don har yanzu ina ganin wasunku suna yin sa da ka. Ba a ɗaukar sababbin fitilu a liƙa su kai tsaye a wayar tsofaffin. Maɓallin da ke kunna fitilar baya ɗan ƙarami ne, a jikin akwatin giya yake, kuma an yi shi ne don ƙwai biyu kawai. A ƙasarmu in mota ta kafe a rairayi direba yakan yi ta gaba da baya sau ashirin kafin ta fita, kowane sau maɓallin nan yana kamawa yana saki. Ka ƙara masa kaya, ba zai kai damina ba. Don haka na jawo sabuwar waya mai kauri daga batir, na sa fizibil, wato fis, kusa da batir ɗin, bai fi taƙi ɗaya ba, domin in waya ta goge ta taɓa ƙarfe fizibil ya ƙone maimakon mota. Daga nan na kai ta ga rele, wato ɗan akwatin da ƙaramar wuta ke umartarsa ya saki babba. Tsohuwar wayar fitilar baya aikinta ya koma taɓa rele kawai. Na bi da wayar ta jikin shasi, wato ƙarfen ƙasan mota, cikin bututun roba, nesa da bututun hayaƙi, na ɗaure ta kowane kamu. Kowane haɗi da dalma na yi shi, don murɗa waya a naɗe da salatif ba ya jure girgizar hanyoyinmu. Fitilun kuma na ɗaura su a lungun ƙarfen baya inda tudun rairayi ba zai fizge su ba, na sunkuyar da su ƙasa yadda hasken zai faɗi daga gindin mota zuwa kamar taki goma.

Baba Nomau ya roƙe ni in sa masa maɓalli a gabansa don ya riƙa kunna su duk lokacin da ya so. Na ƙi, na ce wata rana zai manta da su a kunne a kan hanya, ya kashe wa mai babur na bayansa ido. Bai yi gardama ba.

Laraba da yamma muka shigar da motar babban ɗakin ajiya muka rufe ƙofa. Ya sa giyar baya, ɗakin ya yi fari fat, har gizo-gizon da ke kusurwa ana gani. Na ji daɗin aikina ƙwarai. Ya leƙa madubi, ya leƙo ta taga, ya daɗe, sannan ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Muka sa hannu. Alhamis suka fita zuwa ƙauyukan Attantane.

Litinin da safe sai ga shi ya dawo mini. Ya ja ni gefe, ya ce fitilun nan sun yi, amma da zan ƙara masa wasu biyu a sama da ya fi, don hasken kamar ya rage.

Kun san ni da zafin kai a kan aikina, a lokacin kuwa na fi haka. Raina ya ɓaci. Na ɗauko mita na gwada a gabansa, ba abin da ya ragu. Na ce masa, da muryar da bai kamata in yi wa wanda ya girme ni haka ba, fitilun nan ko filin ƙwallo aka kai su za su haska shi. Ya yi murmushi kawai ya ce in dai duba masa, ya tafi masallaci. Na tsaya ina huci, sannan na ce bari dai in ga ko akwai wurin da za a huda a sama, ya rabu da ni.

Ina shafa jikin motar ta hagu, can kusa da ƙarshe, hannuna ya faɗa kan wani wuri kamar faɗin tafin hannu. Fenti ya tashi, ƙarfen ya yi ƙananan lotsawa ɗaruruwa, wata kan wata. Na san karo, na san kartar ƙaya, wannan ba ko ɗaya ba ne. Dukan ƙarfe ne da ƙarfe, a wuri ɗaya, na tsawon lokaci. Na duba sauran motocin biyu, babu irin sa. Na daɗe ina tsaye a wurin. Wanda ya fi kowa tsayawa a bayan motar nan shi ne Iliya, mai gyaran famfon da ya yi shekara shida yana fita da Baba Nomau, aka mayar da shi rukunin Tasawa wata guda kafin wannan. Sai na lura cewa tafiyar Iliya da ƙorafin fitila kusan tare suka zo.

Talata da safe na kira Iliya a waya. Mutum ne mai sanyin hali, dattijo a ɗan cocinsu da ke wani ƙauye kusa da Tasawa, kuma ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Da na tambaye shi lotsawar nan sai ya kauce wa maganar. Ya fara kewaye-kewaye, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi. Na ce masa jibi Alhamis Baba zai fita da sabon mai gyara zuwa wata buɗaɗɗiyar rijiya a yankin Gidan Amumune, in akwai abin da ya sani ya faɗa mini don Allah.

Sannan ya faɗa. Ya ce shekara biyu ke nan da ya gane Baba ba ya gani sosai da zarar rana ta yi ƙasa, musamman ta gefe. Wata yamma suna ja da baya, ƙafar motar ta tsaya saura taƙi ɗaya ta hau bakin rijiya, shi ma don shi Iliya ya daki motar da kilen da ke hannunsa ne, ƙarfen nan na kwance noti. Tun daga ranar, duk inda za su ja da baya sai ya sauka ya tsaya ta hagu da kile. Duka ɗaya, taho. Duka biyu, tsaya. Da kunne Baba yake ja da baya, madubin kallonsa kawai yake yi. Kuma shi Iliya yakan tsara aikin yadda za su kamo hanya da sauran rana, in ba ta yiwu ba ya ƙirƙiro dalilin kwana a ƙauyen.

Na tambaye shi ko sun taɓa yin maganar da Baba.

"Ko sau guda," in ji shi. "Ni ban ce mashi komi ba, shi ma bai ce mani ba. Na fara bugawa, shi kuma ya fara saurare. Yaya zan dubi mutum kamar Baba in ce mashi idonka ya mutu? Na ga dai yana yawan sayen hanta a kasuwa, na san yana zaton dundumi ne."

Dundumi shi ne ciwon nan da ke hana mutum gani in duhu ya fara, kuma mutanenmu sun yarda gasasshiyar hanta na maganinsa. Kafin mu yi sallama Iliya ya roƙe ni in rufa wa tsohon asiri. Ya ce in koya wa sabon mai gyaran bugun kile, wata goma sha ɗaya kamar gobe ne.

Wallahi na so in yi hakan. Na wuni ina juya maganar. In na rubuta a gida na biyu na bon cewa fitila lafiya take, matsalar a idon direba take, an raba Baba da sitiyari ke nan, kuma ba ni da tabbacin za a bar shi ya cika watanninsa ya fita da mutuncinsa. In kuma na ƙara masa fitilu biyu na yi shiru, jibi zai ja mota mai nauyin kaya da baya cikin mata da yara, yana jiran bugun da ba wanda zai yi masa. Ko na koya wa sabon, mai kile gefe ɗaya yake gani, kuma ba ya cikin idon direba in ana tafiya gaba. Ban da haka, duk abin da nake da shi maganar waya ce da lotsawar ƙarfe. Ban gani da idona ba.

Abin da ya kamata in yi a nan shi ne in je gidansa in zauna a zauren da na taɓa kwana, in tambaye shi. Na kasa. Kunyar da ta hana Iliya ita ta hana ni. Sai na yi dabara, kuma dabarar ce abin da har yau nake jin nauyinsa.

Na ce wa Baba ya tsaya bayan an tashi aiki mu gwada saitin fitilun kafin in ƙara wasu. Muka yi sallar magariba tare a bakin garaji, kowa ya watse. Duhu bai gama rufewa ba. Na ce ya ja da baya a hankali zuwa bangon gabas, kamar taki goma sha biyar, ni zan tsaya gefe in ga inda hasken ke faɗuwa. Yana shiga mota na ɗauko wani bido ruwan ɗorawa, babba, irin wanda 'yan mata ke zuwa rijiya da shi, na cika shi da ruwa rabi, na ajiye shi a bayan ƙafar hagu, taki shida daga motar. Da ya sa giya fitilun suka kama, bidon ya fito fili kamar da rana tsaka, har inuwarsa ta miƙe zuwa bango. Na koma gefe ina addu'a a zuciyata ya taka birki ya leƙo ya zage ni.

Na ga kansa yana juyawa daga wannan madubi zuwa wancan. Motar ta taho a hankali, yadda ya saba, ba gaggawa. Ba ta rage tafiya ba. Ƙafar ta hau bidon, ya fashe da wata ƙara da ban so in sake jin irinta, ruwa ya fantsama har ƙafata.

Ya taka birki da ƙarfi. Ya kashe mota. Bai fito ba. Na zagaya na tsaya a tagarsa, na ga hannayensa biyu a kan sitiyari, bakinsa yana salati.

"Mi na taka?"

"Bido ne, Baba. Ba kowa."

Ya sauke numfashi. Sannan ya tambaye ni ko bidon yana cikin haske. Na ce yana tsakiyar haske.

"Kai ka aje shi?"

"Ni ne, Baba."

Ya juyo ya dube ni. Na fi son ya mare ni da irin kallon nan. Ba fushi a ciki, kallon mutumin da aka tuɓe wa riga a kasuwa ne. Ya ce, a hankali, "Tarko ka yi mani, Hamisu." Na sunkuyar da kai na fara ba shi haƙuri, na ce na yi magana da Iliya, na ce ba zan iya sa hannu a bon cewa fitila ce ba ta haske ba. Ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya fito ya rufe motar, ya tsuguna ya shafa fasasshen bidon da hannunsa, ya miƙe. Ya ce kada in rubuta komai sai gobe. Na ce in kai shi gida a babur, ya ce ya san hanya.

Laraba tun kafin a buɗe ofis yana zaune a benci, sanye da farar rigarsa ta Juma'a. Da Shef Lawali ya iso ya bi shi ciki, ya ce a kira ni. A gabana ya ajiye makullin mota a kan tebur. Ya ce shi dai idonsa ya gaza, ya kai shekara biyu, ya ɓoye, kuma ba laifin kowa ba ne sai nasa. Bai ambaci Iliya ba, bai ambaci bido ba. Shef ya cire tabarau ya dube shi, ya dube ni, ya tambaye ni abin da na tarar. Na ce fitilu lafiya suke. Ya ce to in rubuta haka kawai a gida na biyu, sauran ba aikin mai wuta ba ne. Abin da na rubuta ke nan: fitilu huɗu suna ci, wuta tana isowa daidai, ba a ƙara komai ba. Baba ya karɓi biro ya sa hannu a ƙasan nawa.

Na sha yi wa Shef Lawali dariya a kan son takarda, amma a wannan karon takardar ce ta yi aiki. Ya rubuta wa na sama da shi cewa direba ne da kansa ya kawo rahoton lafiyarsa, ya nemi a tura shi asibiti, kuma a ba shi riƙon ɗakin ajiya har ya cika lokacinsa. An ɗauki makonni ana kai da kawowa kafin a amince. Alhamis ɗin nan wani direba ne ya fita da motar.

Sakamakon asibitin Maraɗi shi ya fi komai tayar mini da hankali. Likitan ido ya ce ba dundumi ba ne. Wani ciwo ne da ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya sannu a hankali, ba zafi, ba ja. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma akwai maganin ɗigawa da ke tsare abin da ya rage. Ya ce da an zo shekara biyu da suka wuce da an ceci mafi yawa. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama ne aka tsare masa rabi. Da na kira Iliya na gaya masa, kuka ya yi a waya, babban mutum da jikoki. Ya ce shi a zatonsa taimako yake yi.

Baba ya yi watanninsa a ƙofar ɗakin ajiya, yana ba mu kaya yana karɓa. In na gaishe shi yana amsawa da kyau, ya tambayi yara. Amma bai sake ce mini likitan waya ba, kuma in an kawo fura da rana ya daina kirana. Na yi ta cewa a raina ai gaskiyata ce, na hana a taka ɗiyar wani. Duk da haka in na zo karɓar waya ko fizibil a hannunsa ba na iya haɗa ido da shi.

Ranar da ya cika lokacinsa an yi ɗan taro a garaji, aka yi addu'a, aka ba shi kyauta. Da mutane suka ragu ya ce in raka shi bakin hanya. Muna tafe yana riƙe da hannuna saboda ramuka. Na yi ta maza na ce ya yafe mini abin da na yi masa. Ya ce ya yafe tuni, kuma da ban yi ba da wataƙila yanzu yana ɗauke da ran wani. Muka yi 'yan taki, sai ya tsaya.

"Abu guda ne ya tsaya mani a rai. Da ka zo ka tambaye ni, da na hwaɗa maka. Shekara biyu kullum in na kwanta sai in ce gobe wani zai tambaye ni, in samu in sauke kayan nan. Duk kun gani, duk kun so ni, ba wanda ya tambaya."

Na tare masa mai babur, na taimaka masa ya hau.

To abin da nake so ku riƙe ke nan. Aikinmu ya koya mana gwada waya, kuma waya ba ta da wuyar sha'ani, in ka ɗora mata mita za ta gaya maka gaskiya. In mutum ya dawo muku sau biyu da ƙorafi ɗaya, mita kuma ta ce lafiya, ku ajiye ta ku dubi mutumin. Mu mutanen nan mun iya rufa wa juna asiri, abu ne mai kyau, ni ma an rufa mini. Amma na ga inda rufin asiri ya ci wa mutum ido ɗaya da rabi, a hannun waɗanda suka fi kowa ƙaunarsa. Iliya ya yi masa magana da kile, ni na yi masa da bido, alhali dukanmu muna da baki. In irin wannan ta same ku, ku sami wuri ku zauna da dattijon, ku gaishe shi yadda ya kamata, sannan ku daure ku tambaye shi: Baba, yaya idon?